Tiren Marta

Ranar jajiberin Kirsimeti na hura wutar furun kafin kiran asuba, kamar kullum. Furun shi ne gidan gasa burodi a bakin mutanen Umdurman, kuma a cikinsa na yi furfura. Sunana Abbakar. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka da ƙafa, ya tsaya hutawa a bakin Nilu, hutun da har yau ba mu gama ba. A gida Hausa muke yi, a titi Larabci. Maƙwabta na ce mini Abbakar Fallati, yadda suke kiran duk mai asali daga yamma, ina amsawa, tunda sunan bai taɓa hana kowa sayen burodina ba.

A lokacin yaƙi ya yi watanni. Muna jin sa ta gabas, ta wajen gada, kamar ana sauke buhuna daga mota. Unguwarmu dai bai shigo ba tukuna. Matata da yara tuni na tura su arewa. Ni na zauna saboda Inna, mahaifiyata, wadda ƙafafunta suka daina aiki amma bakinta bai daina ba. Ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya rasu a ciki. Gas ya ƙare muka koma itace, itace ya ƙare muka koma tsofaffin ƙofofi da ƙafafun gado. Da su nake gashi.

Duk salla, tamu ko ta Kiristoci, mata kan kwaɓa ka'ak a gida, wato biskit ɗin salla mai man shanu da sukari. Su jera shi a tire su kawo furun. Kowace da alamarta a bayan tire, wata fenti, wata jan farce. Mahaifina ya bar mini doka ɗaya a wannan aiki. Tiren mutane ba ya kwana a furun. In mai shi ba ta dawo ba, ka ɗauka ka kai mata har ƙofa. Ban taɓa karya dokar nan ba, kuma ina alfahari da hakan, har ana yi mini tsiya a kai.

Ƙarfe bakwai Marta ta zo. Mutuniyar duwatsun Nuba ce, tana shara a wata makaranta, gidanta layi biyu daga furun. Tire biyu ta kawo a ka, ƙarami da babba. Ta ce watanni ta yi tana ɓoye sukari cokali-cokali, har 'ya'yan maƙwabta suka fara ce mata marowaciya. Ƙaramin na gidanta ne. Babban, mai gicciye da jan fenti a baya, na mutanen da suka fake a makarantar cocinsu ne. Ta ce rabinsu ma ba za su ci ba, don Kibɗawa, wato Kiristoci 'yan asalin bakin Nilu, da Habashawan da ke ciki suna azumi, ba nama ba mai ba madara, tasu Kirsimetin sai bakwai ga Janairu.

Na ce mata, "Ya Marta, ranar haihuwar mutum ɗaya ma kun kasa daidaitawa?"

Ta ce, "Ji mai magana! Ku da kuke rigima kan ganin wata duk shekara. Gasa mini, in ka ƙona in kai ƙararka wurin Hajja, uwarka."

Ta fita tana dariya, lafayarta mai ruwan lemo tana jan ƙasa. Wasu matan ma suka kawo nasu. Kafin ƙarfe tara layin duk ya cika da ƙamshin man shanu, abin da muka daɗe ba mu ji ba.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci dana ta farko ta faɗo. Dana muke ce wa harsashin igwa. Ka fara jin fito, sai shiru, sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashinka. Ta biyu ta faɗa bayan masallaci. Toka ta zubo daga rufin furun. Na rufe tirarrukan da buhunan fulawa, na kwanta a gindin bango. Aka yi ta yi har wajen sha biyu, sai aka yi tsit. Ko kare bai yi haushi ba.

Babu macen da ta dawo. Na tashi na dubi ka'ak ɗin, ya gasu yadda ake so, ya huce. Na ce a raina gobe sallar mutanen nan ce, ga kayansu a hannuna. Na jera tirarrukan a amalanken burodi na fita.

A watannin nan mutane sun koyi wata dabara. Sai su sa kwaɗo ta waje, su haura ta katangar maƙwabci su koma ciki. Ba shanya, ba hayaƙi, ba magana da ƙarfi. Masu bindiga in sun ga gida haka sukan ɗauka masu shi sun tafi da zinarensu da wayoyinsu, su wuce neman inda akwai mutane. Na san wannan sarai, don ni ma haka na yi wa ƙofarmu. Kaina ya sani, hannuna ne bai sani ba. Na bi gida-gida. Na ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba. Na ajiye kowane tire a bakin ƙofar mai shi, a gindin kwaɗon. Na ajiye ƙaramin na Marta. Saura babban a amalanke, don cocin ya fi nisa.

Wajen azahar na ji babura. Uku ne, suka ɓullo ta bakin layi. Kaki, rawani ya rufe baki, bindiga a wuya.

"Sabit!"

Ma'anarsa kar ka motsa. Na tsaya cak. Bakina ya suɓuce na ce, "Na shiga uku." Da Hausa na faɗa, don tsoro ba ya zo mini da Larabci.

Ɗaya ya sauke rawaninsa. Matashi ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Ya ce, "Kai, Baba, Bahaushe ne?" Hausarsa irin ta can yamma ce, ba tamu ba. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata kamar ya ga kawunsa. Ya ɗaga buhun, ya damƙi ka'ak ya cika baki. Yana taunawa ya dubi layin. Rana na dukan tirarrukan, kowane na ƙyalli a ƙofarsa. Na ga lokacin da ya gane. Ya ce wa sauran da Larabci, "Waɗannan akwai mutane ciki." Ya sake dafa ni ya ce, "Wuce, Baba."

A tagar wani gida labule ya motsa. Wata ta ga dafawar, ta ga dariyar.

Na tura amalanke. Kafin in kai kwana na ji takalmi a jikin ƙofar ƙarfe. Sai ihun mace. Sai wata ƙofar. Wasu baburan suka ƙaru, sannan mota mai bindiga a baya. "Aftah! Buɗe!" "Zinare!" "Kwanta!" Daga wajen gidan Marta na ji harbi biyu, tazara kaɗan a tsakani. Na so in koma in kwashe tirarrukan. Ƙafata ta ƙi. Gida ta kai ni.

Na haura katanga, takalmina ya zame a can, ban nema ba. Inna na zaune a bakin gado da carbi. Ta dubi fuskata ba ta yi gardama ba, karo na farko a rayuwata. Na ɓalle ƙofar daga ciki, na ɗauke ta na sa a amalanke, na ɗora mata babban tiren a cinya. Ban san inda zan je ba sai inda tiren zai je. Hanyar ta bi ta bakin layin Marta. Ƙofarta a buɗe. Ƙaramin tiren a kife, ka'ak a tattake cikin ƙasa. A tsakar gida na hango gefen lafaya mai ruwan lemo. Ba ta motsi. Inna ta ce, "Tura." Na tura, ina taka gilashi da ƙafa tsirara.

Da la'asar muka isa makarantar cocin. Katanga doguwa ce, ƙofar ƙarfe mai ƙaramar taga. Na buga. Tagar ta buɗe, na ga idon Tiya. Ƙanen Marta ne, malami a makarantar, mabuɗin yana hannunsa. Idon ya yi ja. Labari ya riga ni zuwa. Matar da ta ɗaga labule ta bi ta katangu ta iso, ta faɗi abin da ta gani, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ya ce, "Kai ne ka sa wa gidajen alama."

Na ce, "Ni na ajiye tire. Ban nuna kowa ba."

"Da wane yare ya yi maka magana?"

"Da Hausa."

"Me ya ce?"

Na faɗa masa duka, har da "akwai mutane ciki". Ya rufe tagar. Na ji muryoyi a ciki. Wasu na cewa a kore shi, zai jawo su nan. Wani ya ce a'a, a shigo da shi a tsare, in sun zo a tura shi gaba tunda ɗan'uwansu ne. Wannan ta fi ba ni tsoro. Can nesa babura na kai da kawowa. Inna ta ɗaga murya ta ce da Larabci, "Ni dai tsohuwa ce, rana tana duka na." Aka ja sakata.

Tsakar makarantar a rabe take. An jera bencinan 'yan makaranta tun daga ƙofa har bangon baya. Hagu 'yan Nuba, masu cocin. Dama Kibɗawa da Habashawa, waɗanda yaƙi ya koro daga unguwanninsu aka ba su mafaka. Murhu biyu, randa biyu. Daga baya na ji yadda abin ya soma. Masu azumi ba sa cin abin da aka dafa da mai, suka ware tukunya. Daga ware tukunya aka fara cewa waɗancan na ɓoye wake, waɗannan na ɗibar ruwa fiye da kima. Har gaisuwa ta koma ta ɗaga gira. Ranar dai sun sami abin da suka haɗu a kai. Dukkansu ni suke kallo.

Tiya ya ce in cire riga. Haka ake gane mai yaƙi ko mai yi musu aiki. A duba kafaɗa ko akwai kantar igiyar bindiga, a duba ƙafa ko akwai shaidar takalmin soja. Na cire. Maza suka kewaye ni, ɗaya da sandar ƙarfe. Tiya ya ce, "Ƙafa."

Sai wata murya daga dama ta ce, "Bari ni in duba."

Amm Girgis ne, wato Baffa Girgis. Na san shi, duk kasuwar Umdurman ta san shi. Bakibɗe mai shagon yadi, dogo, wanda a da ko tashi ba ya yi in ka shiga shagonsa, sai dai ya nuna wa yara da haɓa. Ban gane shi nan take ba. Ya rame, jallabiyarsa duk tabo. A makarantar shi ke kwashe bokitin bayan gida na ɓangare biyun, don kowane ɓangare ya ƙi ɗaukar na ɗayan. Ba wanda ya sa shi.

Ya tsallake benci da ƙyar, da kwano da buta a hannu. Ya durƙusa a gabana, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga ƙafata ya sa a kwano, ya zuba ruwa. Ruwan da ake rigima a kansa. Ya wanke jinin, ya zare ɓarɓashin gilashi da farce, ya bi tsakanin yatsu. Na yi ƙoƙarin janyewa, ya riƙe. Gaskiya ban yarda da shi ba. Na ce a raina tsohon ɗan kasuwa ne, ba ya durƙusawa a banza, akwai abin da yake nema. Na yi ta jiran in ji mene ne. Ya wanke ɗayar. Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini. Sannan ya ɗaga ƙafar sama yadda kowa zai gani, duk tabon garwashi da kaushi.

Ya ce, "Na duba. Ƙafar mai furun ce."

Bai tashi ba. Ya ja gwiwa zuwa amalanke ya wanke na Inna. Ita da ba ta rasa magana, ta rufe fuska da mayafi.

Tiren na nan a cinyarta. Na ɗauka na ce, "Marta ce ta kawo da safe. Ta ce na nan ne." Na ajiye shi a kan bencin tsakiya na yaye buhun. Ka'ak ɗin na nan jere, sai gurbin da ɗan bindigar ya damƙa. Kowane da zanen cokali mai yatsu, layi biyu a gicciye, hannun Marta. Yara suka matso, iyaye suka fizge su. Wata ta ce abin da ya kashe mutane ne wannan. Wani ya ce wa ya san abin da ya barbaɗa a kai. Tiya ya juya baya. Tiren ya zauna a nan ba mai taɓawa, rana tana sauka.

Gab da magariba Amm Girgis ya wanke hannu. Ya zo ya tsaya a kan tiren, ya yi alamar gicciye. Ya ɗauki guda.

Wata tsohuwa daga dama ta yi ƙara, "Ya Amm Girgis, azumi! Da man shanu aka yi!"

Ya ce, "Na sani."

Ya ci. Ya tauna a hankali da sauran haƙoransa, kowa na kallo. An ce tun yana yaro bai taɓa karya wannan azumin ba, ko da aka kwantar da shi a asibiti. Ya haɗiye ya ce, "Wadda ta yi wannan don mu duka ta yi. Sallarta gobe ce. Ni ba zan bar ta ta yi salla ita kaɗai ba." Ya kama bakin benci ɗaya ya ja, ƙarfinsa bai kai ba. Wani Bahabashe ya taso ya kama masa. Aka buɗe hanya a tsakiya.

Ya ɗauki wani ya kai wa Tiya. Ya ce, "Hannun 'yar'uwarka ne, ya waladi, ɗana." Tiya ya daɗe yana kallon zanen. Bai ci ba. Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu, ya tafi bayan aji. Muka ji kukansa, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Bayan nan aka ci. Ba duka ba. Cikin masu azumi wasu sun ɗauka, wasu sun sumbaci nasu sun ba yara, tsohuwar nan kuwa ta ƙi ko kallo. Amma an zauna wuri ɗaya. 'Yan Nuba suka yi waƙar Kirsimeti baki a rufe, don kar a ji daga titi. Gangarsu na rataye a bango ba wanda ya taɓa. Wata Bahabashiya ta shimfiɗa mini kwali a lungun aji, ta tambayi Inna ina gabas, na yi magariba. Mai sandar ƙarfe na tsaye a bakin ƙofa har na sallame. A nan ya kwana.

Ranar Kirsimeti ƙarfe shida babbar mota ta zo ta ƙofar baya. Tiya ne ya daɗe da shirya ta. Mata, yara da tsofaffi kawai za ta ɗauka. Maza za su bi ta bayan unguwanni da ƙafa, a haɗu bayan shingen sojoji ta arewa. Direba ya ce ba zai kashe inji ba. "Yalla! Yalla!" Aka yi ta cusa mutane har a kan rufin gaba. Na turo Inna. Tiya ya sa hannu ya tare. Ya ce wuri ya cika, kuma nasu ba su gama shiga ba. Ban ga laifinsa ba. Na tsaya riƙe da amalanke, ina lissafin yadda zan tura ta cikin yashi a gaban masu bindiga, na san ba za mu kai ba.

Amm Girgis ya riga ya hau, yana zaune a kan buhu a gefen ƙofa. Ya ce a sauke shi. Aka ce ya zauna. Ya zuro ƙafa da kansa, dole aka tare shi. Ya nuna buhun ya ce, "Hajja." Tiya ya ce, "Ya Amm, ba za ka iya tafiyar ƙafa ba." Ya ce, "Motar za ta dawo gobe. Ni tawa sallar da saura, ina da lokaci. Kuma wa zai kwashe wa sauran bokiti?" Akwai wasu marasa lafiya da ba a iya ɗagawa ba, da masu jinyarsu. Na ɗaga Inna na ɗora a buhun. Ta riƙe tiren da ba komai a ciki, ta ƙi saki. Ta ce wa tsohon, "Allah ya saka maka." Ya ce, "Amin, ya Hajja." Motar ta tashi. Mu maza muka fita, da na waiwaya Amm Girgis yana mayar da sakata.

Muka bi kwarin ruwa da ya bushe. Tiya na bayana, sandar ƙarfe ta koma hannunsa. In na tsaya ya tsaya. In na waiga sai in ga idonsa a ƙeyata. Ƙarfe tara jirgi ya wuce, muka kwanta cikin shara. Sha ɗaya muka ji babura a sama da mu, muka manne da bangon kwarin. Na ji ƙarfen ya taɓa bayana. Na gane saƙon: in na yi tari, ni zan fara tafiya. Baburan suka wuce. Ɗaurin ƙafata ya jiƙe, na ci gaba.

Bayan azahar muka iso shingen sojoji. Buhunan yashi, tsohuwar taya, bango mai ramukan harsashi. "Layi! Hannu sama!" Suna duba fuska, suna sauraron harshe. Wanda ba su yarda da shi ba sai su ce ya durƙusa, daga nan a kai shi bayan bangon. Waɗanda aka kai ban ga sun dawo ba. Da aka zo kaina sojan ya sa na maimaita sunan unguwarmu sau biyu. Ya ce, "Fallati? Ku ne idanun masu baburan nan. Durƙusa!" Na durƙusa. Can gaba ina hango motarmu a gindin bishiya, da farin mayafin Inna.

Sojan ya juya wurin Tiya. "Kai, ka san wannan?"

Tiya ya dube ni. Hannunsa na kan aljihun rigarsa. Na ji rediyon soja na ƙara, na ji ƙuda. Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma yana da shaidu a layin. Na sunkuyar da kai na fara kalmar shahada.

Ya ce, "Mai furun ɗinmu ne. Shi ke gasa mana tun ina yaro."

"Ka tsaya masa?"

"Na tsaya."

"Tashi!"

Da muka wuce shingen na buɗe baki zan yi wa Tiya godiya. Ya ce, "Ba don kai na yi ba." Ya wuce gaba. Daga nan bai ƙara bin bayana ba.

A garin Shandi, can arewa, aka sauke mu a wata makaranta. Motar ta juya Umdurman washegari, ba ta isa ba, an ƙwace ta a hanya. Muka yi ta sa ido. Farkon Janairu Bahabashen nan da ya kama benci ya iso da ƙafa, don shi ya tsaya jinyar matarsa. Ya ce dana ta faɗa tsakar makarantar cocin da hantsi. Marasa lafiyar na cikin aji, ba abin da ya same su. Amm Girgis ne kawai a waje, da bokiti a hannu. Sun binne shi a gindin dalbejiya, su da 'yan Nuban da suka rage, kowa ya yi addu'a irin tasa.

Daga ranar Tiya ya daina karɓar shayi mai madara. In an raba abinci mai mai sai ya ture, ya ci busasshen burodi. Cocinsu ba su san wannan azumin ba. Bai yi wa kowa bayani ba. Kwana biyu sai na ga wasu cikin mutanensa ma suna turewa.

Ranar bakwai ga wata da safe 'yan Nuba suka wanke kayansu, suka taho ajin da Kibɗawa da Habashawa suke. Tiya ya biyo ta wurinmu ya ce wa Inna, "Ya Hajja, ara mini tiren." Ya ce mu ma mu zo. Na goya ta. Ya ajiye tiren a tsakiya, ya kwance hankicinsa. Ka'ak ɗin ya farfashe, amma ana ganin zanen a ɓari ɗaya. Ya zazzage shi a tsakiyar wannan babban tire. Aka yi ta zagayawa da shi, kowa na dangwalar ɓarɓashi da yatsa. Tsohuwar da ta ƙi ci a Umdurman ita ta fara. Da ya zo kaina Tiya ya turo shi gabana, fuskarsa na kallon wani wuri. Na dangwala. Akwai sauran ɗanɗanon hayaƙin furun ɗina.

A unguwarmu mutum huɗu aka kashe ran nan, duka a gidajen da na ajiye tire. Marta, da wani tela da ɗansa, da wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Amm Girgis, da ya sauka daga mota saboda Inna, shi nake ƙirgawa na biyar. Furun ɗin an ce rufinsa ya rufta. Inna na nan da rai, tana yi mini faɗa kullum.

Da aka watse na kai wa Tiya tiren, ya ce in riƙe, ba shi da wurin ajiya. Yana jingine a bayan ƙofar ɗakin da muke, gicciyen na kallon bango. Shi ne na farko da ya taɓa kwana a hannuna. Mai shi ba ta dawo ba, ƙofar da zan kai shi kuma babu.